Kifi da Ƙwaƙwalwar Yaro: Wa Ya Kamata Ya Fara Ci?

Maganar cewa kifi yana ƙara wa yaro basira ta daɗe tana yawo a cikin jama'a. Ana jin ta a shirye-shiryen lafiya na rediyo, ana jin ta a bakin malaman asibiti ranar awo, ana kuma jin ta a bakin masu kemis da ke neman shigar da kwalaben man kifi. Wasu iyaye sun karɓe ta hannu bibbiyu, wasu kuwa na ganin talla ce kawai aka yi wa ado da sunan ilimi. Kowane ɓangare yana da madafa, domin binciken da masana suka tara cikin shekaru talatin da suka wuce bai zo da amsa guda miƙaƙƙiya ba. Sai dai wanda ya bi shi a tsanake zai ga akwai abin da ke ta maimaituwa. Amfanin kifi ga ƙwaƙwalwa ya fi tasiri a wani ƙayyadadden lokaci, daga zaman ciki har yaro ya cika shekara biyu, kuma ya fi muhimmanci ga yaron da abincinsa ke da giɓi. A ƙasar Hausa kuwa, mai ciki da mai shayarwa da ɗan goye su ne galibi na ƙarshen waɗanda kifi ke isa bakinsu, ko da a gidan da ake dafa shi. A ganina nan ne matsalar take, kuma nan ne gyaran ya fi sauƙi.

Ƙwaƙwalwar mutum, idan aka cire ruwan da ke cikinta, fiye da rabin abin da ya rage maiƙo ne. A cikin maiƙon akwai wani nau'i da masana ke kira DHA, ɗaya daga dangin omega-3, wanda ke shiga cikin fatar ƙwayoyin jijiya, inda saƙo ke tsallakawa daga wannan zuwa waccan, kuma ya yi yawa ƙwarai a tantanin bayan ido mai karɓar haske. Ɗan tayi yana tara shi da sauri a watanni uku na ƙarshen ciki, ya ci gaba da tarawa bayan haihuwa. Jariri yana zuwa duniya da ƙwaƙwalwar da girmanta bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba ba, amma kafin ya cika shekara biyu ta kai wajen kashi uku cikin huɗu. Babu wani lokaci a rayuwa da za ta sake girma irin wannan. Jiki yana iya sarrafa DHA daga wani maiƙo da ke cikin tsirrai irin su waken suya, sai dai ɗan kaɗan ne ke juyewa, kuma man gyaɗa da manja, waɗanda da su muke girki kullum, kusan babu wannan maiƙon a cikinsu. Kifi yana samun nasa daga ƙananan tsirran ruwa da halittun da ke cin su, ya tara a jikinsa a shirye. Uwa ta ci, ya bi jini ya ratsa mabiyiya zuwa ga ɗan tayi, bayan haihuwa kuma ya fito a nono. Masu bincike daga Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan sun gwada nonon mata a Tanzaniya, suka tarar cewa na matan Sengerema da ke kusa da tafkin Biktoriya, masu cin kifi kusan kullum, ya ɗara na matan Masai makiyaya da ba sa cin kifi, nesa ba kusa ba, wajen yawan DHA. Wannan sakamako ya shafe mu kai tsaye, tunda kifin Sengerema na ruwan daɗi ne, irin na Yauri da Haɗeja da Baga. A Tarayyar Turai, tun 2020 doka ta wajabta sanya DHA a madarar jarirai ta gwangwani, abin da ke nuna inda hukumomin can suka tsaya kan muhimmancinsa.

Amma wanda ya tsaya kan DHA kaɗai ya rage wa kifi daraja. Kifin teku yana ɗauke da aidin, sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo ga manya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa rashinsa ne kan gaba a cikin abubuwan da ke lalata ƙwaƙwalwar yara alhali ana iya kauce musu. Akwai bitamin B12, wanda ba a samun sa a hatsi ko ganye. Akwai zink, akwai furotin mai kyau, akwai kuma sinadarin ƙarfe da ake gina jini da shi. Na ƙarshen nan yana da nauyi a wurinmu. Ƙidayar lafiya ta ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ta nuna kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata shida zuwa ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, kuma an san ƙarancin ƙarfe a farkon rayuwa yana tafiya tare da jinkirin koyo. Gero da dawa da masara suna da ƙarfe, amma suna kuma da wani sinadari da ke ɗaure shi ya hana hanji tsotsewa. Ƙarfen da ke cikin nama da kifi ya fi shiga jiki, kuma ɗan kifi kaɗan a cikin miya yana taimaka wa jiki ya tsotsi na hatsin da na ganyen da aka ci tare da shi. Ashe kifi guda yana toshe giɓi da dama a lokaci ɗaya, kuma giɓin nan su ne ainihin waɗanda tuwo da kunu ke bari.

Wannan bayani ne na yadda abin ya kamata ya yi aiki. Ko ya yi aikin a jikin yara na zahiri, sai an duba. Binciken da aka fi ambata shi ne na yankin Avon, kewayen birnin Bristol a Ingila, inda aka ɗauki mata masu ciki a 1991 da 1992 aka ci gaba da bibiyar 'ya'yansu. A 2007 Joseph Hibbeln da abokan aikinsa suka fitar da sakamako a mujallar Lancet daga mata 11,875. Sun tarar cewa 'ya'yan matan da suka ci ƙasa da giram 340 na abincin teku a mako sun fi yawan faɗawa rukunin ƙasa a gwajin basirar harshe suna 'yan shekara takwas, kuma 'ya'yan waɗanda ba su ci ko kaɗan ba su ne suka fi fuskantar hakan. Sakamakon ya girgiza mutane, domin giram 340 ɗin shi ne iyakar da gwamnatin Amurka ta gindaya wa masu ciki a 2004 don gudun gubar zaiba. Wato iyakar da aka sa don kare yara ta zama, a wannan binciken, layin da na ƙasa da shi suka fi baya. A Boston ta Amurka, Emily Oken da tawagarta sun ga abu makamancin haka: 'ya'yan masu cin kifi da yawa sun fi maki, 'ya'yan masu yawan zaiba a jiki sun yi ƙasa, kuma mafi kyawun sakamako yana wurin uwar da ta ci kifi sosai amma irin wanda ba shi da zaiba da yawa. Ga yara manya kuma akwai binciken Jintan a ƙasar Sin, wanda Jianghong Liu ta Jami'ar Pennsylvania ta jagoranta aka wallafa a 2017. Cikin yara 541 'yan shekara tara zuwa sha ɗaya, masu cin kifi aƙalla sau ɗaya a mako sun ɗara waɗanda ba sa ci ko suke ci jefi-jefi da maki 4.8 a gwajin basira, kuma sun fi samun barci mai kyau.

Mai hankali zai tsaya nan ya yi tambaya, kuma tambayarsa tana kan hanya. A Ingila da Amurka, wace irin mace ce ke cin kifi sau uku a mako? Galibi mai ilimi ce, mai abin hannu, wadda ba ta shan taba, wadda ke shayar da nono, wadda akwai littattafai a gidanta. Ɗanta zai iya fin wasu maki ko da bai taɓa ɗanɗana kifi ba. Masu binciken Avon sun san da wannan, har sun tace abubuwa 28 da za su iya rikita lissafin, amma ba a iya tace komai da komai, musamman basirar uwar kanta. Hanyar da ta fi yanke shakka ita ce a raba mutane da ƙuri'a, a bai wa wasu abin a hana wasu, a ga bambanci. Da aka yi hakan, sakamakon ya yi sanyi. A Ostareliya, Maria Makrides ta jagoranci gwaji a kan mata masu ciki 2,399, rabi suna shan miligiram 800 na DHA kullum, rabi suna shan man tsirrai. Rahoton 2010 bai nuna bambanci a basirar yaran suna da wata goma sha takwas ba, kuma da aka sake gwada su suna da shekara huɗu da shekara bakwai, babu fifikon da ya bayyana. A Bergen ta ƙasar Norwe an gwada kifin kansa: yara 232 'yan shekara huɗu zuwa shida aka raba, wasu ana ba su kifi mai maiƙo sau uku a mako, wasu nama, tsawon mako goma sha shida. A babban lissafi ɓangarorin biyu sun zo kunnen doki. Sai da aka duba yawan abin da kowane yaro ya cinye a zahiri sannan aka ga ɗan rinjaye ga masu kifi.

Bai kamata a ɓoye waɗannan sakamako ba, kuma duk wanda ke tallar man kifi a matsayin maganin daƙiƙanci ya kamata a karanta masa su. Yaron da ke aji biyar ba zai zama na ɗaya don an fara ba shi kifi ana saura wata guda jarrabawa ba, kuma kuɗin da ake zubawa a ƙwayoyin man kifi don yara masu ƙoshin lafiya ya fi amfani a kasuwar cefane. Amma a lura da su wane ne aka yi gwajin a kansu. Matan Ostareliya da yaran Norwe suna cin nama da ƙwai da madara, ba su da zazzaɓin cizon sauro, ba su da tsutsar ciki, kuma yaran Norwe suna cin kifi a gida tun kafin gwajin. Tulun da ya riga ya cika, ko an ƙara masa ruwa ba za a ga bambanci ba. Sannan ƙwayar man kifi maiƙo ne kawai, babu aidin, babu ƙarfe, babu zink, babu furotin. Duk da haka gwaje-gwajen ba su tashi a banza ba. A 2018 ƙungiyar Cochrane ta haɗa gwaje-gwaje 70 da suka ƙunshi mata kusan dubu ashirin, ta tarar cewa ƙarin omega-3 a lokacin ciki ya rage haihuwa kafin mako 37 da kashi 11 cikin ɗari, ya rage haihuwa kafin mako 34 da kashi 42. Duk wanda ya taɓa ganin ɗakin bakwaini a asibitocinmu, da ƙarancin kwalaben ɗumi da ɗaukewar wuta, ya san cewa makonnin da aka ƙara wa ɗan tayi a ciki kariya ce ga ransa da ga ƙwaƙwalwarsa. A Denmak kuma, gwajin Hans Bisgaard na 2016 ya nuna man kifi a watannin ƙarshe na ciki ya rage asma da shessheƙar numfashi a yara da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da hujja ta tsaya a kai ke nan: tasirin ba mai girma ba ne ga wanda ya ƙoshi, ya fi tabbata a lokacin ciki, kuma hankali yana ba da cewa zai fi girma inda rashi ya fi tsanani.

Saura batun zaiba, kuma tsoronta yana da asali. A 1956 aka gano wata cuta a garin Minamata na Japan, inda masana'antar Chisso ta shafe shekaru tana zubar da dagwalo mai zaiba a mashigin teku. Masunta da iyalansu suka ci kifin, mutane suka makance, suka shanye, suka mutu, kuma mata da ba su nuna alamar ciwo sosai ba suka haifi jarirai masu lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Daga nan duniya ta koyi cewa zaiba tana ratsa mabiyiya. Bayan shekaru, Philippe Grandjean ya bibiyi yara fiye da dubu da aka haifa a 1986 da 1987 a tsibiran Faro na arewacin Turai, ya ga ɗan naƙasu a harshe da natsuwa da riƙe abu a ka ga waɗanda suka fi samun zaiba a ciki. Sai dai mutanen Faro suna samun mafi yawan zaibarsu daga naman wata babbar dabbar teku mai shayarwa da suke farauta. A tsibiran Seychelles na tekun Indiya, inda mata ke cin kifin teku kusan sau goma sha biyu a mako, masana daga Jami'ar Rochester sun bibiyi yara 779 tun daga 1989 har suka girma, ba su ga wata illa tabbatacciya ba. A 2010 kwamitin masana na Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Duniya ya auna ɓangarorin biyu, ya yanke cewa a mafi yawan yanayi, mace ta ci kifi ya fi wa ƙwaƙwalwar ɗanta alheri a kan ta bari. Amurka ma ta sauya salo, yanzu tana ƙarfafa masu ciki su ci giram 225 zuwa 340 a mako, su guji 'yan nau'o'i kaɗan irin su kifin shak. Gargaɗin da ta yi a 2001 ya sa mata da yawa rage cin kifi baki ɗaya, darasin da ya kamata masu wayar da kai a nan su riƙe.

Dokar zaiba mai sauƙi ce: tana taruwa ne yayin da babba ke cin ƙarami, don haka kifi babba, tsoho, mai cin 'yan uwansa shi ya fi tara ta. Titus da shawa da sadin na gwangwani, waɗanda su ne kifin teku da ke iso mana, duk suna cikin masu ƙarancin zaiba, kuma suna cikin mafi yawan DHA. Karfasa da ƙananan kifayen kogi ma haka suke wajen ƙarancin gubar. Inda nake ganin ya kamata a yi hattara shi ne ruwan da ke kusa da wuraren haƙar zinariya. Masu haƙar gargajiya suna amfani da zaiba wajen kama zinariya daga ƙasa, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna wannan sana'a ce ke sakin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaibar da ɗan Adam ke fitarwa cikin iska. Ana wannan haƙa a Zamfara da Neja da Kebbi. Zamfara ta riga ta ga abin da guba daga ramin zinariya ke yi wa yara, lokacin da dalma ta kashe fiye da ɗari huɗu a 2010. Mai ciki da ke zaune a irin wannan yanki gara ta fifita ƙananan kifaye a kan babbar giwan ruwa ko tsage, kuma haƙƙi ne a kan hukumomi su riƙa gwada kifin waɗannan koguna suna faɗa wa jama'a abin da suka gani.

Idan aka dawo gida, alƙaluman suna da ban takaici. Ƙidayar 2018 ta nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya sun tsumbure, amma a Arewa maso Yamma kashi 57 ne. Jihar da ta fi kowace ita ce Kebbi da kashi 66, sai Jigawa da kashi 64. Kebbi ce ke da Yauri da gaɓar tafkin Kainji da Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, Jigawa kuma ita ce ke da fadamar Haɗeja. Ba ina cewa rashin kifi ne ya tsumburar da waɗannan yara ba. Talauci, gudawa, ruwan sha marar tsabta, haihuwa kusa-kusa da zazzaɓi duk suna ciki, kuma a wannan ƙidayar Kebbi ce ta fi kowace jiha yawan yara masu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jini. Abin da alƙaluman ke nunawa shi ne, zama kusa da ruwa bai isa ya kai kifi bakin yaro ba. Masunci yana sayar da mai kyau don ya sayi hatsi, kwali-kwalin banda suna hawa mota zuwa Onitsha da Legas. Wanda ya rage a gida, an san yadda rabon yake: tsoka ta tafi kwanon maigida da na baƙi, mata su samu kai da romo, ɗan wata takwas kuwa a ce ƙaya za ta maƙale masa, a ba shi kunu zalla. Tsoron ƙaya gaskiya ne, uwar da ke jin sa ba ta yi laifi ba. Amma sakamakonsa shi ne yaro ya shafe watannin da ƙwaƙwalwarsa ta fi buƙata yana shan gasara da sukari, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ita ce, bayan wata shida na nono zalla, a riƙa bai wa yaro nama ko kifi ko ƙwai kowace rana tare da ci gaba da shayarwa.

Za a ce ai kifi ya yi tsada, kuma lallai ya yi. Gidan da ke fafutukar kwanon masara ba zai sayi titus sau uku a mako ba, kuma faɗa masa ya yi hakan rashin tausayi ne. Amsar tana wurin kifin da aka fi rainawa. Shakuntala Haraksingh Thilsted, wadda ta lashe Kyautar Abinci ta Duniya a 2021, ta shafe shekaru a Bangaladash tana nazarin ƙananan kifayen da talakawa ke ci, irin su wani da ake kira mola, ta nuna cewa idan aka ci su ɗungurungum, da kai da ido da ƙashi, suna ba da bitamin A da kalsiyam da ƙarfe da zink fiye da tsokar manyan kifaye. Daga nan ta bunƙasa garin kifi da ake zubawa a abincin jarirai da na masu shayarwa. Muna da irin waɗannan kifaye: warangi da ake shanyawa a gaɓar Kainji, kawara, da sauran ƙananan da ake aunawa da kwano ko a kasa su kashi-kashi a kasuwar ƙauye. A Argungu wanda ya kamo mafi girma ake bai wa kyauta, amma a kwanon jariri ƙaramin ne ya fi amfani. A tsince shi, a wanke, a ƙara busarwa ko a ɗan gasa, a daka a turmi, a tankaɗe da rariya mai laushi, matsalar ƙaya ta ƙare. Cokali ɗaya a kunu ko fate ko miyar kuka ya isa canza darajar abincin, kuma garin yana ajiyuwa idan ya bushe sosai aka rufe shi. Matar da ta iya daka yaji da kuka da kuɓewa ba ta buƙatar sabon horo kafin ta yi wannan. Dole dai a faɗi iyakarsa: kifin ruwan daɗi ba shi da aidin sosai, don haka gishiri mai aidin, wanda doka ta wajabta a Nijeriya tun farkon shekarun 1990, yana nan a matsayinsa. Tarwaɗar kiwo kuma tana da furotin da B12 amma ba ta kai titus ko shawa DHA ba, saboda haka mai ciki da ta samu hali ta haɗa da ɗan kifin ƙanƙara ko da sau ɗaya a mako ta yi dabara.

Haɗarin da ya fi kusa da mu bai kai zaiba suna ba, amma ya fi ta yawa a kasuwa. Busasshen kifi yana jawo ƙwari, kuma wasu 'yan kasuwa suna fesa masa maganin ƙwari irin na gona don kada ya lalace kafin ya kai kudu. Wasu masunta ma suna zuba guba a ruwa don kifi ya taso. Irin waɗannan magunguna jijiya suke taɓawa, kuma jikin jariri ya fi na babba rauni a gabansu. Wanki da ruwan zafi yana rage datti amma ba ya ba da tabbacin fitar da guba, don haka kifin da ke warin magani a bar shi, komai arharsa. Bandar da aka yi a kan wuta mai baƙin hayaƙi, balle wadda aka hura da roba ko leda, tana ɗaukar sinadaran da ke da alaƙa da ciwon daji, kuma matan da ke tsaye kan murhun da goyo a baya suna shaƙar hayaƙin su da jariransu. Akwai murhun zamani da Hukumar Abinci da Noma ta ƙera tare da wata cibiyar horo a Thiaroye ta ƙasar Senegal, wanda ke raba kifin da hayaƙi kai tsaye, kuma an yaɗa shi a ƙasashen Afirka da dama. Irinsa ya kamata a gani a Baga da Yauri da Nguru. Kifin da ya yi fumfuna ko ya fara ruɓa bai dace da yaro ba. Akwai kuma 'yan yara ƙalilan da jikinsu ba ya karɓar kifi, su yi ƙuraje ko kumburi ko amai, waɗannan a tsayar a kai su asibiti, amma jinkirta bai wa sauran yara kifi ba ya kare su daga hakan.

Idan hujjar da ke sama ta tsaya, to akwai abin dubawa a yadda ake kashe kuɗin gwamnati. Shirin ciyar da 'yan makaranta da aka fara a 2016 ya nufi 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare. Yana da amfaninsa, yaro mai yunwa ba ya karatu, amma ɗan shekara shida ya riga ya wuce lokacin da abinci ya fi tasiri a ginin ƙwaƙwalwarsa. Wurin da ya kamata garin kifi ya shiga shi ne ɗakin awon ciki, ranar rigakafi, da ƙungiyoyin mata da za su iya sarrafa shi su sayar a ƙulli mai arha, kuma saƙon ya isa kunnen magidanta, tunda su ke cefane kuma kwanonsu ne ke ɗauke tsokar. Sai kuma batun ko kifin zai wadata. Tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance ƙwarai a lokacin farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, rikicin Boko Haram kuma ya durƙusar da kasuwar kifin Baga da ta Diffa na tsawon shekaru. A gaɓar tekun Muritaniya da Senegal da Gambiya, wani rahoto na 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da tan rabin miliyan na ƙananan kifaye ake niƙewa kowace shekara a mayar da su abincin kifin kiwo da dabbobi a Turai da Asiya. Ƙaramin misalin wannan yana faruwa a gida, domin masu haɗa abincin kaji da na tarwaɗa suna sayen warangi buhu-buhu, kuma sun fi uwar ɗan goye ƙarfin aljihu. Duk tsarin bunƙasa kiwon kifi da bai tanadi wani abin da za a ciyar da tarwaɗar ba, kamar waken suya ko tsutsar ƙuda da ake kiwo don haka, zai ƙara wa ƙaramin kifi tsada a kasuwar ƙauye, inda yaran da suka fi buƙatarsa suke.